Kogon Shuɗi na Tsibirin Kapri

Duk wanda aka haifa a ƙasar Dagwamba, ya tashi a unguwa irin tamu ta Vittin da ke gefen birnin Tamale, bai san ruwa ba sai a matsayin abin da ake nema, domin tun daga ɗaukewar damina har zuwa faɗuwar ruwan farko, hirar mata da yara a ƙofar kowane gida ba ta wuce yaushe famfo zai kawo, da ko injinan Dalun masu tace ruwan Farin Volta suna aiki, da kuma nawa mai babur mai ƙafa uku yake sayar da guda daga cikin rawayen jarkokin nan da jama'a suka laƙaba wa sunan tsohon shugaban ƙasa Kufuor. Iyakar sanina da jirgin ruwa kuwa, kafin wannan tafiya da zan ba da labarinta, shi ne kwalekwalen fito na Daboya, inda akan ƙetare kogi da mutane da babura da ƙunshin zare cikin 'yan mintoci, gaɓar can tana kallon ta nan, mai fito yana tuƙi yana hira da wanda ke tsaye a tsallake. Teku dai mun san shi a cikin littattafan fiƙihu, mun karanta hukuncin ruwansa da na mushensa a babin tsarki, mun kuma koyar da almajirai cewa ruwansa mai tsarkakewa ne, alhali kuwa da yawa daga cikinmu ba su taɓa ɗanɗana gishirinsa ba, ko da yake ga shi can kwance a Ankara da Tema, tafiyar yini guda a mota.

Sanadin tafiyar ɗan ƙanwata ne, magini, wanda ya bar gida yana saurayi ya bi hanyar da dubban 'yan zango suka bi, wato ta Bolgatanga da Paga zuwa Wagadugu, daga nan Yamai, daga nan Agadas, sa'an nan a ratsa hamada ta Dirku zuwa Sabha da Tarabulus. Ya yi aikin gini a Libiya gwargwadon abin da Allah ya nufa, kana ya tsallaka zuwa Italiya a shekarar 2016, kuma bayan ya sha jiran takardar zama, wadda su a can suke kira sojorno, suna ambatonta safe da yamma fiye da yadda suke ambaton iyayensu, ya sami abin yi, ya yi aure, aka yi masa haihuwa, ya aiko mini da takardar gayyata domin in zo in ga jikana in sa masa albarka a madadin dangi.

Mazauninsa Kastel Volturno, wani gari a bakin teku arewa maso yamma da birnin Napoli, wanda ya miƙe a kan doguwar hanya da ake kira Domiziyana, cike da gidajen da aka gina wa masu hutun bazara, suka tsufa, masu su suka guje su, baƙin Afirka suka kama haya. A nan na ci tuwon zafi da miyar ayoyo, na sha koko da ƙosai da safe, na ji Hausar zango da Dagwambanci da Tiwi a bakin titi har na kusa mance ƙasar da nake. Da asuba samari kan fita su tsaya a shataletale, wurin da suke ce wa kalifu, suna jiran mai gona ko mai gini ya tsaya da mota ya zaɓi wanda ya ga dama na yini guda. An nuna mini inda 'yan ta'addan Kamora suka harbe baƙin Afirka shida a daren 18 ga Satumba 2008, cikinsu har da 'yan Gana, aka kuma gaya mini cewa a garin ne mawaƙiyar nan ta Afirka ta Kudu, Miriam Makeba, ta faɗi bayan ta gama waƙa a watan Nuwamba na wannan shekara, rai ya yi halinsa. Wannan gari shi kaɗai ya isa littafi, amma ba shi na ɗauki alƙalami domin in rubuta ba.

Tun ina koyar da labarin ƙasa a makarantar midil na taɓa karanta, a wani tsohon littafin Turanci da bangonsa ya yage, cewa akwai wani kogo a tsibirin Kapri wanda teku ke shiga cikinsa, ruwansa yana haske daga ƙasa, kuma na riƙa gaya wa yara wannan labari shekara da shekaru ba tare da na tabbata marubucin bai ƙara gishiri ba. Da na ga taswira ta nuna mini tsibirin yana daura da Napoli, sai na ce wa mai masaukina ina son ya kai ni. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Kawu, in Roma kake so mu tafi Roma, in Pompei kake so gobe ma sai mu je, amma ni tun ranar da aka tsamo ni ban sake sa ƙafa a jirgin ruwa ba." Na ce masa, "To ɗana, wanda maciji ya sara ba a zarginsa in ya gudu daga tsumma, ka haɗa ni da wani cikin abokanka." Ya ce hakan ba zai yiwu ba, kada labari ya kai Vittin cewa kawunsa ya zo ya bar shi a hannun baƙi, shi zai kai ni da kansa.

Ranar da muka fara ƙudurta tafiya ba mu tafi ba, kuma dalilin fasawar ya zame mini darasi na farko. Gari ya waye tangaran, rana ta fito, tekun da na hango daga Kastel Volturno a idona kwance yake lumui, amma da yaron ya duba wayarsa sai ya ce an rufe kogo yau, masu fito sun ce akwai iska daga arewa kuma ruwa yana ɗan tashi. Na yi mamaki, na ce wane irin tashi ne wannan da ido ba ya gani? Ashe kowace safiya masu kwalekwalen kan je bakin kogon su duba da idonsu, su yanke hukunci ko za a shiga ko ba za a shiga ba, kuma in suka ce a'a, to ko baƙo daga Japan ya taso da kuɗinsa a hannu sai dai ya haƙura, su ma su haƙura da cinikin ranar. A lokacin sanyi ma kwanakin rufewa sun fi na buɗewa yawa.

Da Allah ya kawo ranar da aka buɗe, muka yi sammako zuwa Napoli, muka shiga jirgi mai sauri a tashar Molo Beverello, ƙarƙashin wata tsohuwar ganuwa mai baƙaƙen hasumiyoyi, wanda yakan kai Kapri cikin ƙasa da sa'a guda. Ta hannun hagu ga dutsen Vesuviyo tsaye, wanda ya yi aman wuta a shekara ta 79 Miladiyya ya binne Pompei da mutanenta, ya kuma yi na ƙarshe a 1944 ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, amma duk da haka gidaje sun hau gindinsa har ƙugu, abin da ya nuna mini cewa ɗan Adam ko'ina yake gajeren tunawa gare shi. Ni na manne da taga ina kallo, jiri yana ɗibata kaɗan kaɗan. Shi kuwa ya zaɓi kujerar tsakiyar jirgi, nesa da kowace taga, ya fito da carbi, kuma na lura abu na farko da ya yi bayan zama shi ne sunkuyawa ya tabbatar da inda aka ajiye rigar ceto.

Kapri ƙaramin tsibiri ne, faɗinsa duka bai wuce murabba'in kilomita 10 da 'yan kai ba, curin dutsen farar ƙasa ne da ya taso daga ruwa, ƙololuwarsa, Monte Solaro, ta kai mita 589, kuma garuruwansa biyu ne, Kapri a ƙasa da Anakapri a sama. Abin da ya ɗaukaka sunansa tun zamanin da shi ne Ƙaisar Tibariyus, sarkin Rum, wanda ya gaji da Roma da makircin fadawanta, ya ƙaura zuwa nan a shekara ta 27 Miladiyya, ya gina fadoji a kan duwatsu, ya riƙa mulkin daular da ta taso daga Andalus har Sham ta hanyar wasiƙu, bai sake shiga Roma ba har mutuwarsa a shekara ta 37. A zamanin mulkinsa ne Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi kiransa, kuma da sunansa aka kafa birnin Ɗabariyya na Falasɗinu, wanda ake jingina malamin hadisi Ɗabarani gare shi, don haka wannan sarki ba baƙo ba ne ƙwarai ga mai karatun zaure, ko da bai san da hakan ba. Musulmi ma sun bar sawunsu a nan, ko da yake ba sawun da za a yi alfahari da shi ba ne, domin a 1535 Hairuddin Barbarosa, amiral na Daular Usmaniyya, ya auka wa tsibirin ya ƙone ganuwar Anakapri, kuma kangon nata har yau da sunansa ake kiransa. Sauran abin da ke tsibirin na kantunan tufafi da agoguna da otal-otal na attajiran duniya, na wuce su ban tsaya ba, don kuɗin kofin shayi guda a dandalin garin ya isa cefanen gida a Tamale.

Daga tashar Marina Grande muka shiga jirgi mai inji wanda ya bi da mu gefen tsibirin ta arewa zuwa yamma, ƙarƙashin bangayen dutse masu tsayin da sai mutum ya dafe hularsa kafin ya ga ƙarshensu, duk jikinsu ramuka da tsagogi waɗanda ruwan sama da taguwar teku suka rarake a tsawon zamunna, domin dutsen farar ƙasa yana narkewa sannu a hankali in ruwa ya daɗe yana binsa. Da matuƙi ya kashe inji ya ce an iso, na duba ko'ina ban ga kogo ba. Abin da na gani jirage ne cunkus suna lilo a kan ruwa, da mutane jere a kan wani tsani da aka sassaƙa a jikin dutse, waɗanda suka gangaro ta ƙasa daga Anakapri, da kuma ƙananan kwalekwale na katako suna kai da kawowa a tsakani. Sai da yaron ya nuna mini da yatsa na ga wani baƙin rami a daidai inda dutse ya taɓa ruwa, faɗinsa kamar mita 2, tsayinsa daga fuskar ruwa kamar mita 1, yana buɗewa yana tsukewa bisa ga numfashin teku. Na ce masa, "Nan za mu shiga?" Ya ce, "Kai ka ce kana so, Kawu."

Mun yi jira mai tsawo a rana kafin layi ya zo kanmu, kuma ban yi baƙin cikin jiran ba, gama a cikinsa na ƙare wa tsarin mutanen nan kallo. Kowane kwalekwale mutum huɗu yake ɗauka banda mai fito, ba a ƙara ko jariri bisa son kuɗi. Mai fiton a tsaye yake tuƙi da filafilai biyu yana fuskantar gaba, ya matso jikin babban jirgi, ya riƙe hannun kowane fasinja har ya zauna a ƙasan kwalekwalen, ba a kan benci ba, ya tsara su bisa nauyinsu. Daga nan a biya ta wani jirgi da aka ɗaure a wurin, wanda shi ne ofishin karɓar kuɗi, a biya na fito da na hukuma, tunda kogon yana cikin kayan tarihin da gwamnati ke kula da su. Namu mai fiton dattijo ne mai furfura, rana ta gasa fatarsa har ta kusa kama tawa, kuma yaron, wanda ya iya Italiyanci, ya fassara mini cewa a hannun ubansa ya gaji sana'ar.

Da muka iso bakin ramin sai ya tsaya, ya janye filafilansa cikin jirgi, ya umarce mu da mu kwanta rigingine, kowa ya ɗora kansa a kan wanda ke bayansa, hannuwa a ƙirji, kada ko yatsa ya fita waje. Akwai wata sarƙa da aka kafe a jikin dutse ta ratsa ramin daga waje zuwa ciki. Ya kama ta da hannu biyu, ya zuba wa ruwa ido, ya bar taguwa ta farko ta wuce, ya bar ta biyu, kuma ni daga kwancen da nake ina ganin bakin kogon yana rufewa har saura kamu guda, ina karanta abin da ya zo bakina na addu'ar hawa abin hawa da ta Annabi Yunusa. Can da ruwa ya ja da baya ramin ya wage, sai ya fizgi sarƙar da ƙarfi guda, ya jefa bayansa a kanmu shi ma ya kwanta, dutse ya wuce bisa fuskata har na ji sanyinsa da ƙarninsa, duhu ya rufe mu ruf.

Ya ce mu tashi zaune, mu juya baya. To a nan ne alƙalami yake gazawa, amma tilas in gwada. Rufin kogon da bangayensa baƙi ƙirin suke, ba fitila ko ɗaya, amma ruwan da muke kai shi ne yake ba da haske, shuɗi tsantsa mai ƙuna, tun daga ƙarƙashin jirginmu har zuwa bakin ramin da muka shigo, har ya zamana mutum yana ganin kwalekwalen da ke gabansa a matsayin baƙar inuwa da ke rataye a kan haske, ba abin da ke riƙe da ita. Wanda ya taɓa tsayawa a marinar Daboya ya ga zaren da aka tsamo daga baba karo na biyu, kafin ya yi duhu, ya san launin, sai dai ya ƙaddara cewa an kunna wa karofin wuta daga gindi. Tsawon kogon kamar mita 60 ne, faɗinsa kamar 25, kuma murya tana yawo a cikinsa ta komo, abin da ya sa masu fiton suke rera waƙoƙin Napoli, kowa da tasa, suna karo da juna, wanda a ganina ya rage wa wurin kwarjini, ko da yake na fahimci cewa waƙar tana cikin abin da ke jawo tukuici.

Sirrin hasken kuwa ba sihiri ba ne, hikima ce ta Mahalicci wadda hankali yake iya bi. Ƙarƙashin ƙaramin ramin da muka shigo akwai wata babbar kafa a cikin ruwa, wadda ta ninka shi girma sau da yawa, kuma ta nan ne mafi yawan hasken rana yake shigowa. Hasken rana, kamar yadda bakan gizo yake nuna mana, launuka ne a haɗe, ruwa kuwa yana shanye ja da makusantansa tun a 'yan mitocin farko, ya bar shuɗi ya wuce, saboda haka duk hasken da ya nutsa ta wannan kafa ya ɓullo a cikin kogo an riga an tace shi, ba abin da ya rage sai shuɗin. Ita kafar ba a ganinta, domin ƙyallin ƙaramin ramin ya fi ta ƙarfi a ido, shi ya sa mai kallo yake zaton daga ƙasan teku hasken yake tasowa. Mai fito ya ce in sa hannuna a ruwa, na sa, sai hannun nan nawa baƙi ya koma farin azurfa har wuyan hannu, saboda ƙananan kumfan iska da suka manne wa fata suna mayar da haske dabam da yadda ruwa yake mayarwa. Na yi tasbihi a fili. Na juya in nuna wa yaron, na tarar idonsa a buɗe yake yana kallo, amma hannayensa biyu sun damƙe gefen jirgi har jijiyoyi sun fito.

Rumawa sun san wannan wuri, sun ƙawata shi da gumakan allolinsu na teku, kuma a 1964 masu nutso suka tsamo wasu daga ƙasansa, waɗanda aka taɓa ajiyewa a wani gida da ake kira Casa Rossa a Anakapri. Na yi tunanin bambancin abin da mutane suke kaiwa cikin kogo, yadda samarin nan na Suratul Kahfi suka shiga nasu domin gudun gumaka, aka kuma fara saukar da wahayi a kogon Hira, su kuwa waɗannan suka sami aya irin wannan a gabansu suka ga ba ta cika ba sai an kafa mata dutsen da hannu ya sassaƙa. Bayan faɗuwar Rum mutanen tsibirin sun ƙaurace wa kogon ƙarnuka da dama, suna cewa matattarar aljannu ce, har zuwa watan Agusta na 1826, sa'ad da wani Bajamushe mawaƙi kuma mai zane, August Kopisch, da abokinsa Ernst Fries suka shiga, Kopisch ya rubuta labari, Turai ta ɗauka. Littattafai suna cewa shi ya gano kogon, amma wanda ya kai su masunci ne ɗan tsibirin, Angelo Ferraro, wanda ya riga ya san ramin, kuma mu da muka karanta yadda aka gano Kwara alhali Sarkawa suna kamun kifi a cikinta tun kaka da kakanni, ba ma bukatar a yi mana dogon sharhi.

Duka zamanmu a ciki bai wuce minti 5 ba. Aka sake kwantar da mu, aka sake jiran taguwa, aka fizge mu zuwa rana.

Ba mu koma cikin babban jirgin ba, yaron ya roƙi mai fito ya sauke mu a tsanin dutse, muka hau sama muka sami inuwa, muka yi sallar azahar da la'asar a haɗe bisa rangwamen matafiyi, kuma a nan ne, ba tare da na tambaye shi ba, ya ba ni labarin da bai taɓa ba uwarsa ba. Ya ce daga gaɓar Sabrata aka tura su da tsakar dare, mutum fiye da ɗari a jirgin roba da aka hura da famfo aka shimfiɗa masa katako, ƙusoshin katakon suna sukar ƙafafun mutane. Matuƙinsu ba matuƙi ba ne, wani yaro ne cikin matafiya da aka yafe wa kuɗin jirgi aka nuna masa yadda ake riƙe inji a yini guda, aka ba wani kamfas da waya, aka nuna musu wani haske can nesa aka ce Italiya ce, alhali wutar rijiyar mai ce a tsakiyar teku, tsibirin Lampedusa kuwa, wanda shi ne mafi kusa, yana da nisan kusan kilomita 300. Maza suka hau gefe ƙafa ɗaya a ruwa, aka zaunar da mata a tsakiya da zaton nan ne aminci, ashe nan ne fetur yake tsiyaya ya gauraya da ruwan gishiri ya sale fata. Washegari da rana ɓangare guda na robar ya sace, kuma kafin jirgin ceto ya iso, waɗanda ke wannan gefen sun zame, cikinsu da wani ɗan Yendi da suka yi shekara suna kwana ɗaki ɗaya a Tarabulus. Ya ce, "Kawu, ka ga tsohon nan ya tsaya yana ƙirga taguwa saboda kada goshinka ya taɓa dutse. Mu ba wanda ya duba mana ko sama." A wannan shekara ta 2016 mutum fiye da 180,000 ne suka isa Italiya ta ruwa, fiye da 5,000 kuma aka ƙidaya sun mutu ko sun ɓace a Bahar Rum.

Malamanmu na da ba su yi sakaci da wannan mas'ala ba. A cikin Muhtasar na Shehu Halil, wanda ake karantawa a zaurukan Tamale da Salaga har gobe, an hukunta cewa hanyar ruwa daidai take da ta tudu wajen wajabcin aikin hajji, sai fa in halaka ce ta fi rinjaye, wato ko Ɗakin Allah ba a wajabta wa bawa ya nufa ta tekun da galibi yake cin mutane ba, balle gonar tumatir ta Italiya. Sayyidina Umar ya hana Mu'awiya kai rundunar Musulmi cikin teku duk tsawon halifancinsa saboda tsoron salwantar da rayuka, sai a zamanin Sayyidina Usman aka yi izini, aka nufi Ƙubrus, shi ma bisa sharaɗin ba a tilasta wa kowa. Ibn Jubair na Andalus kuma ya ba da labarin yadda jirginsu ya fashe a mashigin Messina, kudu da inda muke zaune, yana komowa daga hajji a shekara ta 580 ta Hijira, da yadda masu ƙananan jirage suka tsauwala kuɗin ceto har matalautan alhazai suka rasa abin biya, sai da sarkin Siƙilliya, Kirista, ya biya musu. Mun karanta duk wannan, amma mun karanta shi a matsayin babin da ba zai taɓa shafarmu ba, mu mutanen tudu, har 'ya'yanmu suka riƙa sayar da babur da filin gado suna tafiya, mu kuwa muna yi musu addu'ar tafiya a masallaci ba tare da ko ɗayanmu ya san abin da ake nufi da kilomita 300 na ruwa ba. Ba na ɗora wa samarin laifin duka, domin na san layin neman biza, na san kuɗin da ake biya ba a mayarwa in an hana, na kuma san cewa gonakin da iyayensu suka noma a kewayen Vittin yanzu fulotai ne da aka kafa wa duwatsun siminti. Amma jahilcinmu game da teku namu ne, kuma masu haɗa tafiya a Agadas da Sabrata da shi suke ciniki.

Da yamma muka koma Napoli a babban jirgi mai ɗaukar motoci, wanda ya fi jinkiri amma ya fi natsuwa, kuma a wannan karon ya yarda ya fito waje ya tsaya kusa da ni, ko da yake bai jingina da ƙarfen gefe ba. A nan ya ba ni saƙo zuwa ga ƙanensa, wanda ya gama sakandare yana zaune ba aiki, cewa zai biya masa kuɗin koyon walda ko gyaran lantarki a Tamale, zai saya masa kayan aiki in ya ƙware, amma in ya ji labarin ya kama hanyar Agadas to ba shi ba shi, kuma ya ce in gaya masa labarin ɗan Yendi ba tare da na rage komai ba.

Na isar da saƙon a daren da na sauka, bayan an watse daga gaisuwa, na zaunar da yaron a tsakar gida na ba shi labarin tun daga Sabrata har zuwa robar da ta sace, ban sassauta ko kalma ba. Ya saurara da ladabi, kansa a sunkuye, ya yi wa mamacin addu'a, ya ce ya gode wa yayansa. Da na miƙe zan shiga ɗaki sai ya biyo ni da butata, ya rage murya ya ce, "Kawu, su masu tsayawa a kalifun nan, nawa ake biyansu a yini?"